Lake Area: Kwalejin da Ake Shiga da Sana'a a Zuciya, a Fito da Aiki a Hannu

Ranar Juma'a, 8 ga watan Mayun 2015, jirgin shugaban Amurka ya sauka a Watertown, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin jihar Dakota ta Kudu, wanda mutanensa dubu 22 ne da 'yan kai. Bikin yaye ɗalibai ne ya kawo Barack Obama. A al'ada, manyan jami'o'i shugabannin Amurka suke zuwa irin wannan biki, ko makarantun horar da hafsoshin soja. Amma a wannan rana waɗanda suka jeru a gabansa kanikawan tarakta ne da masu walda, da ma'aikatan jinya, da masu gyaran jirgin sama, da mataimakan likitan haƙori, da matasan da suka koyi noman zamani. Yawancinsu shekara biyu kacal suka yi a makarantar. Jihar ba ta zaɓi Obama ba a 2008, ba ta zaɓe shi ba a 2012, kuma ita ce ta 50, wato ta ƙarshe, da ya taka yana kan mulki.

Makarantar ita ce Lake Area Technical Institute, wadda tun 2020 ta koma Lake Area Technical College. Wata huɗu kafin wannan ziyara, a jihar Tennessee, Obama ya gabatar da shawarar a mayar da karatun shekara biyu a kwalejojin al'umma kyauta a faɗin ƙasar. Majalisa ba ta amince ba. Amma fadarsa ta san abin da ya sa ta zaɓi Watertown. Cibiyar Aspen da ke Washington tana tace kwalejojin al'umma na Amurka duk bayan shekara biyu, ta fitar da gwarzuwa, a raba kyautar dala miliyan ɗaya tsakanin waɗanda suka yi fice. Sau uku a jere Lake Area tana kaiwa zagayen ƙarshe, a 2011 da 2013 da 2015, sannan ta lashe a 2017. A lokacin an bayyana cewa kusan uku cikin kowane ɗalibai huɗu nata suna kammalawa, ko su wuce jami'a, cikin shekara uku. A ƙasa baki ɗaya adadin bai kai biyu cikin biyar ba. Kwalejin kuma tana ba da rahoton cewa kashi 99 cikin ɗari na waɗanda ta yaye suna kama aiki ko su ci gaba da karatu cikin wata shida.

Abin da ya kai ta nan tsari ne. Ta tsayar da manufa guda, wato ɗalibi ya fita da sana'ar da wani yake shirye ya biya shi a kanta, sannan ta ɗora komai a kan wannan manufa, daga jadawalin aji har zuwa wanda za a ɗauka malami.

Daga ɗalibai shida

A Amurka aka haifi kwalejin al'umma, kuma ba don sana'a aka fara ta ba. A 1901, a garin Joliet na jihar Illinois, shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, da shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown, suka buɗe wani aji na gaba da sakandare da ɗalibai shida. A ganin Harper, shekara biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai, gara a sauke wa jami'a wannan nauyi ta mayar da hankali kan bincike. Yaro ya yi su a garinsu yana kwana a gidan iyayensa, in ya nuna ƙwazo ya wuce. Kwalejin Joliet tana nan har yau, ita ce mafi daɗewa cikin irinta na gwamnati.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya lissafin. Dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen fama ta cika makarantu maƙil, kuma da yawansu magidanta ne masu neman abin riƙe iyali. A 1947 kwamitin da Shugaba Harry Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi ya ba da shawarar a shimfiɗa kwalejojin shekara biyu ko'ina a ƙasar, masu araha ko kyauta, kowacce tana yi wa yankinta hidima. A shekarun 1960 an kai ga buɗe sabuwa kusan kowane mako. Yau sun kai dubu ko sun ɗara.

Ƙofarsu a buɗe take. Duk mai takardar gama sakandare ko makamanciyarta zai iya shiga, ba ruwansu da shekarunsa. Kuɗin makaranta a shekara, a matsakaici, dala dubu 4 ne ko kusa da haka ga ɗan yanki, alhali jami'ar gwamnati tana karɓar sama da dala dubu 11 daga ɗan jiha. Shi ya sa a aji guda za a iya tarar da yarinya 'yar shekara 18, da tsohon soja, da uwar 'ya'ya uku da aka rufe masana'antar da take aiki.

Tun farko ayyuka biyu ke jan waɗannan makarantu, kowanne ta nasa ɓangare: shirya ɗalibi ya wuce jami'a, da koya masa sana'a. Lake Area na biyun ta ɗauka. An kafa ta a 1965, shekara biyu bayan Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar ilimin sana'a ta 1963, wadda ta ware kuɗin tarayya don gina makarantun koyon sana'a na yanki-yanki. Ita ce ta farko a Dakota ta Kudu. Daga baya jihar ta samu wasu uku, a Mitchell da Sioux Falls da Rapid City.

Sai an ga halin da akasarin 'yan uwanta suke ciki kafin a gane inda ta bambanta. A 2015 masu bincike uku na Jami'ar Columbia da ke New York, wato Thomas Bailey da Shanna Smith Jaggars da Davis Jenkins, suka wallafa littafin da ya tsaya wa masu tafiyar da kwalejojin a rai. Sun kwatanta kwalejin da aka saba gani da gidan abinci na ɗebi-da-kanka: darussa ɗaruruwa a jere, ɗalibi ya ɗauki faranti ya zaɓa. A ido, 'yanci ne. Amma ga yaron da babu wanda ya taɓa wuce sakandare a gidansu, hanyar ɓata ce. Ya ɗauki darasin da ba ya cikin kwas ɗinsa, ya rasa wanda yake buƙata saboda aji ya cika ko ya ci karo da lokacin aikinsa, mai ba da shawara guda kuma yana fama da ɗaruruwan ɗalibai. Wasu tun a bakin ƙofa ake tura su azuzuwan share fage na lissafi da Turanci, waɗanda ake biyan kuɗinsu amma ba sa shiga lissafin maki. Da yawa daga nan suke sulalewa. A shekara uku, a shekara huɗu, ga bashi a wuya, babu takarda a hannu.

Makaranta kamar wurin aiki

A Watertown, tun a takardar neman shiga ake tambayar ɗalibi sana'ar da ya zo koyo. Babu zancen a shiga tukuna a ga abin da hali zai yi. Kwasa-kwasan kimanin 30 ne: kanikancin injin dizal, gyaran mota, gyaran jirgin sama, walda, sarrafa ƙarfe da injunan yanka, gini da kafinta, tuƙa manyan injunan tono da gyaran hanya, lantarki da na'urori masu sarrafa kansu, noma da kiwo, jinya, aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, taimaka wa likitan gashin ƙashi, aikin 'yan kwana-kwana da motar ɗaukar marasa lafiya, aikin ɗan sanda, gyaran gashi da kwalliya, kasuwanci da lissafin kuɗi. Yawancinsu shekara biyu ne, a ƙarshe a ba ɗalibi ƙaramin digiri na aikin hannu. Wasu ba su kai haka ba, difloma ake bayarwa.

Da zarar ɗalibi ya zaɓa, sauran zaɓe-zaɓen sun kusa ƙarewa. Kwaleji ce ke miƙa masa jadawali, zango bayan zango, har ranar yaye shi. Ba zai taɓa zuwa rajista ya tarar aji ya cika ba, domin da sunansa aka tsara ajin. Waɗanda ya fara da su ranar farko, da su zai ƙare. Tare suke shiga aji da safe, tare suke kwance inji da rana, kowa ya san wanda ke da ƙaramin yaro a gida da wanda motarsa ke ba shi wahala. Malaman ma su ne dai tsawon shekara biyun, kuma su ne masu ba shi shawara, saboda haka babu buƙatar ya je wani ofis ya bi layi don ganin wanda bai san fuskarsa ba.

Ana kiran suna, kuma fashi ba ya wucewa shiru. Wanda bai zo ba, malami zai neme shi, abokan aji ma za su neme shi. Wannan ƙaramin abu ne a faɗe, amma a nan ne ake ceto ɗalibai da yawa. Galibi ba rashin ƙwaƙwalwa ke fitar da talaka daga makaranta ba: tayar mota ce ta fashe a tsakiyar hunturu, ko mai rainon yaro ta yi tafiya, ko an sauya masa lokacin aiki a kanti. Fashin kwana biyu ya zama na mako biyu, kunya ta hana shi dawowa. Makarantar da ta lura a rana ta biyu tana da damar da wadda ta lura a ƙarshen zango ba ta da ita.

Aikin hannu tun farkon zango ake fara shi, ba a jira sai an gama shekara ana rubutu a allo ba. Masu koyon gini gida suke ginawa na gaske, masu koyon gyaran gashi mutanen gari suke yi wa aiki, masu koyon noma suna da gonar gwaji, masu gyaran jirgi kuma a filin jirgin saman garin suke wuni. Lissafi da Turanci ba a yafe wa kowa su ba, sai dai ana karkata su zuwa ga sana'a. Mai walda yana buƙatar sanin kusurwa da awo, ma'aikaciyar jinya tana buƙatar lissafin yawan maganin da za a ba mara lafiya gwargwadon nauyinsa, bakanike kuma dole ya iya rubuta rahoton gyaran da mai tarakta zai karanta ya fahimta ya biya. Yaron da ya tsani lissafi a sakandare yakan sassauto idan ya ga ba zai iya saita inji ba sai da shi.

Ga waɗanda ke nesa, ko suke aiki a gona da asibitocin ƙauye, kwalejin ta tanadi wasu kwasa-kwasan da ake yin karatunsu ta intanet, a riƙa zuwa Watertown lokaci-lokaci don aikin hannu. A jiha mai faɗin gaske da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, wannan ba alfarma ba ce.

Malaman daga bakin aiki ake ɗebo su. Wanda zai koyar da kanikancin dizal sai ya zama ya yi shekaru hannunsa cikin baƙin mai, wadda za ta koyar da jinya sai ta zama ta kwana a kan marasa lafiya. Dabarun koyarwa daga baya ake horar da su a kai. Wannan yana da tsada a ɓoye, domin ƙwararren mai walda ko bakanike yakan fi samun kuɗi a masana'anta fiye da a aji, kuma riƙe irin waɗannan malamai na daga cikin ciwon kan kowace kwalejin sana'a a Amurka.

Sai kuma kwamitocin ba da shawara, waɗanda su ne ƙashin bayan tsarin. Kowane kwas yana da nasa, kuma mambobinsa su ne masu ɗaukar ma'aikata: dilolin tarakta, shugabannin ma'aikatan jinya, 'yan kwangilar gini, manajojin masana'antu, manoma. Suna zama da malamai a kai a kai, su duba manhaja, su faɗi injin da aka daina yayinsa da wanda ya shigo, su faɗi inda ɗaliban bara suka gaza da suka kama aiki. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. A Watertown akwai masana'antar Terex mai ƙera motocin da ma'aikatan lantarki ke hawa don gyaran waya, akwai asibitin Prairie Lakes, ga kuma gonakin masara da waken suya da garken shanu ta kowace fuska. Su ne za su ɗauki yaran, saboda haka su ake tambaya. Da injunan samar da lantarki daga iska suka bazu a filayen jihar, har iska ta kai ga samar da fiye da rabin wutar da Dakota ta Kudu ke samarwa, buƙatar masu hawa su gyara su ta shigo cikin abin da ake koyarwa a sashen makamashi. Kwas ɗin da kasuwarsa ta mutu kuma, ana rage masa gurbi ko a rufe shi, ko da malaminsa mutumin kirki ne.

Wani lokacin kamfani yakan wuce ba da shawara ya shigo aji da kansa. Misali shi ne shirin ThinkBIG na kamfanin Caterpillar, wanda Lake Area ke gudanarwa tare da Butler Machinery, dilan kamfanin a yankin. Dila ne ke ɗaukar nauyin ɗalibi tun daga farko. Ya yi wasu makonni a kwaleji yana koyon injin katafila da na'urorinta, ya koma garejin dila ya yi wasu makonnin yana aiki ana biyansa, haka har shekara biyu. Ranar da zai karɓi takarda, ya riga ya san maigidansa, maigidansa ya san shi. Kamfanoni kuma suna ba da injuna da kayan aiki, abin da ke rage wa kwaleji nauyin da ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba, tunda tarakta guda ta zamani ta fi ƙarfin kasafin sashe.

Wa ke biya, wa ke da iko

Kwalejojin al'umma a Amurka daga wurare uku suke samun kuɗi: gwamnatin jiha, harajin gidaje da filaye na yanki a jihohin da ke da wannan tsari, da kuɗin makaranta. Gwamnatin tarayya tana shigowa ta hanyar tallafin Pell da ake ba ɗalibai marasa galihu tun shekarun 1970, da kuma kuɗin dokar Perkins ta ilimin sana'a, wadda aka fara a 1984 aka sabunta a 2018. Koyar da sana'a ya fi koyar da tarihi ko adabi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Aji ba ya ɗaukar mutum ɗari, ƙarfe da iskar gas na walda suna ƙarewa kullum, inji yana tsufa. Shi ya sa kuɗin makaranta a kwalejojin Dakota ta Kudu yana cikin mafi tsada a tsakanin makarantun shekara biyu na ƙasar, ga kuma akwatin sifanu da sauran kayan aiki da ɗalibi zai saya da kuɗinsa.

A ƙarshen 2014 Gwamna Dennis Daugaard ya sanar da wani asusu mai suna Build Dakota. Attajirin nan mai banki a Sioux Falls, T. Denny Sanford, ya ba da dala miliyan 25, jiha ta ƙara wasu miliyan 25. Asusun yana biyan kuɗin makaranta da littattafai da kayan aiki gaba ɗaya ga ɗalibin da ya zaɓi ɗaya daga cikin sana'o'in da jihar ke ƙarancin ma'aikatansu. Sharaɗin shi ne bayan ya gama ya yi aiki shekara uku a cikin jihar, a wannan sana'ar. In ya saɓa, tallafin ya koma bashi. Jihar ta daɗe tana kallon matasanta suna kwashe kaya zuwa Minneapolis da Denver, wannan ita ce igiyar da ta samu ta riƙe wasu. Kamfanoni ma sun shigo, suna raba kuɗin tallafin da asusun domin ɗalibin da za su ɗauka.

Ta fuskar iko, Lake Area a ƙarƙashin hukumar makarantun garin Watertown ta tashi, wato hukumar da ke kula da firamare da sakandare, wadda mutanen gari ke zaɓen mambobinta. Shekaru da dama ana ja-in-ja kan ko hukumar jami'o'in jihar ce ya kamata ta riƙe kwalejojin sana'ar guda huɗu. A zaɓen Nuwamban 2016 masu ƙuri'a suka amince, da ƙyar, da wani gyara a tsarin mulkin jihar da ya raba su da hukumar jami'o'i, kuma a 2017 aka kafa musu hukumar ilimin fasaha ta kansu. Wannan hukunci yana da hikima. Makarantar sana'ar da aka sa ƙarƙashin jami'a, sannu a hankali takan fara kwaikwayon jami'a, ta riƙa auna kanta da yawan masu digirin digirgir a cikin malamanta maimakon yawan ɗalibanta da ke karɓar albashi.

Abin da alƙaluma ba su faɗa ba

Kashi 99 cikin ɗari adadi ne da ya kamata a tsaya a dube shi. Ya haɗa masu aiki da masu ci gaba da karatu, kuma daga bibiyar da kwaleji ke yi wa tsofaffin ɗalibanta yake fitowa. Amurkawa sun sha ɗaci a kan irin waɗannan alƙaluma. A 2015 ma'aikatar ilimi ta ci kamfanin Corinthian Colleges, mai jerin makarantun sana'a na kuɗi, tarar dala miliyan 30 saboda ƙarya a kan yawan ɗalibansa da suka samu aiki, kuma a wannan shekarar ya durƙushe ya bar dubban ɗalibai da bashi. Abin da ya ƙarfafa shaidar Lake Area shi ne alƙalan Aspen ba su tsaya kan maganar kwaleji kaɗai ba, sun duba bayanan albashi, suka ga waɗanda ta yaye sun fi sauran sababbin ma'aikatan yankin samu.

Wuri ma ya taimaka mata. Rashin aikin yi a Dakota ta Kudu yana cikin mafi ƙanƙanta a Amurka, a 'yan shekarun nan wajen kashi 2 cikin ɗari. Inda masu gareji ke rububin kanikawa, samar wa bakanike aiki ba abin mamaki ba ne. Ɗalibanta kuma yawanci matasa ne da ke karatu cikakken lokaci. Jadawalin safe zuwa yamma da ya dace da ɗan shekara 19 ba lalle ya dace da uwar da ke aikin dare a gidan tsofaffi ba, kuma a ƙasa baki ɗaya masu karatu rabi-da-rabi su ne suka fi yawa a kwalejojin al'umma.

Akwai kuma tsohuwar suka da ba ta mutu ba. A 1960 masanin zamantakewa Burton Clark ya rubuta cewa kwalejin shekara biyu tana da wani aiki na ɓoye, wato sanyaya gwiwar 'ya'yan talakawa a hankali har su haƙura da burin jami'a su karɓi abin da ya samu. A 1989 Steven Brint da Jerome Karabel suka faɗaɗa wannan magana a wani littafi, suna cewa karkata kwalejojin zuwa sana'a ya tare wa mutane da yawa hanyar hawa sama. Sukar tana da tushe. Ɗan shekara 18 da aka ce ya zaɓi sana'a tun a bakin ƙofa zai iya yin kuskure, kuma makin da ya tara a walda ba duka jami'a za ta karɓa ba in ya sauya ra'ayi. Manhajar da aka ɗinka daidai jikin kamfani guda kuma tana iya matse ɗalibi ranar da kamfanin ya tashi daga gari. Lake Area ta ƙulla yarjejeniyoyi da jami'o'in jihar, ciki har da wadda ke Brookings, domin mai son ci gaba ya samu a lissafa masa abin da ya yi. Duk da haka, idan aka ɗora wannan suka a ma'auni guda da halin ɗalibin da ya yi shekara huɗu yana yawo tsakanin darussa ya fita hannu rabbana, a ƙasar da bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6, nauyin ya rinjaya wajen Watertown. Matasan Amurka ma da alama sun fara ganin haka: bayan faɗuwar da rajista ta yi lokacin annobar korona, kwalejojin da suka fi karkata ga sana'a sun samu ƙarin ɗalibai da kashi 16 cikin ɗari a 2023.

Masu cewa wannan tsari sai ƙaramin gari irin Watertown, birnin New York ya ba su amsa. A 2007 jami'ar birnin, wadda ke riƙe da kwalejojin al'umma a Bronx da Queens da Brooklyn da Manhattan, ta ƙaddamar da shiri mai suna ASAP. Ɗalibi ya yi alkawarin karatu cikakken lokaci, a jera masa darussa a lokutan da suka haɗu, a ba shi katin jirgin ƙasa da bas kyauta, a ba shi littattafai, a cike masa gibin kuɗin makaranta, a kuma haɗa shi da mai ba da shawara da dole ya riƙa gani. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a ta bi su shekara uku. Sakamakon da ta fitar a 2015 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun kammala, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 22. Da aka gwada shi a kwalejoji uku a jihar Ohio, nan ma adadin ya kusa ninkawa. A Bronx ɗin nan ne 'yan Afirka ta Yamma da yawa suke zaune, ciki har da masu jin Hausa daga zangunan Ghana da kuma Nijar, kuma irin waɗannan kwalejoji su ne ƙofar farko ga da yawa daga cikinsu da 'ya'yansu.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ga ba baƙon abu ake ba shi labari ba. Difloma ta ƙasa da ake yi a kwalejojin kimiyya da fasaha na Najeriya shekara biyu ce ita ma. Hukumar NBTE da ke kula da su tun 1977 a Kaduna take da hedikwata, kuma shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu ya haura shekara 50. Ginshiƙan suna nan. Sai dai har yanzu mai babbar difloma yana kokawa da bambancin da ake nuna masa a gaban mai digiri, ƙudirin da majalisar tarayya ta zartar a 2021 don kawar da wannan bambanci bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba, kuma burin kwalejoji da dama shi ne a mayar da su jami'a.

Akwai abu guda daga Watertown da ba ya jiran doka ko attajiri irin Sanford. Kowace shekara Lake Area tana bin sawun waɗanda ta yaye, ta wallafa rahoto kwas bayan kwas: mutum nawa suka gama, nawa suka samu aiki a sana'ar da suka koya, nawa suka zauna a jihar, nawa ake biyansu a matsakaici. Uba yana iya zama da 'yarsa su duba wannan takarda kafin ta cike fom. Shugabannin kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano da Katsina da Bauchi da Birnin Kebbi, da hukumar da ke sa musu ido, ya kamata su fara tattara irin wannan lissafi daga ɗaliban da za su yaye bana, su buga shi inda iyaye za su gani.